Kuɗin Gwangwanin Madara

Ranar Lahadi

Zuwa ga Maigidana na kan ruwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da wannan jirgin dakon kaya da ka bi ka bar ni. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da har yanzu ba ta yarda mun sauko daga jirgin sama ba. Gwaggonka lafiya. Mijinta Mai Tabarau ma lafiya, in dai shiru lafiya ne.

Jiya da hantsi muka iso ƙasar nan da suka kawo ni hutu. A takardar otal nake rubuta maka, in na gama in ɗauki hotonta in tura yadda ka koya mini. Kada ka yi dariyar rubutuna. Aji huɗu na yi, kuma da shi na raini ubanka.

Katin bankin da ka aiko ya iso hannuna tun kafin mu taso. Na gode, Allah ya yi albarka. Amma yana cikin jaka, ƙarƙashin man zafi, kuma a nan zai yi nasa hutun. Kuɗin da ba a gani, ba a taɓawa, ba a lasar yatsa a kansa, wannan ai tatsuniya ce. Ga shi an buga sunanka ɓaro-ɓaro a jiki, kai da ka san sunan wa aka sa maka. Fiye da shekara hamsin bakina bai kama sunan nan ba, sai yanzu in riƙa yawo da shi ina miƙa wa baƙi?

Gwaggonka kuma cewa ta yi duk abin da nake so in nuna kawai, mijinta zai biya. Wannan ma na ƙi. Shekara shida ina zaune a gidan bawan Allahn nan, ci nasa, magani nasa, har kujerar jirgi tasa. Ko rijiya ce a bar ta ta huta.

To matso da kunnenka. Ka tuna gwangwanin madara mai jan murfi da ke saman kabad ɗina, wanda na taɓa zane ka a kansa? Ba maɓallai ba ne a ciki. Lokacin da kakanka yake makanike, kamfaninsu ya turo shi ƙasar nan koyon gyaran manyan injina na wata uku. Ya dawo da takardun kuɗinsu guda bakwai, sababbi fil, ya ce, "Wata rana zan kai ki, ki kashe su da hannunki." Ka san shi da tsari. Kowace takarda sai da ya rubuta mata aikinta a gefe da fensir: takalmi, mayafi, turare, abincin rana, yawo a kwale-kwale, agogo. Ƙaramar cikinsu ya rubuta mata: shayi biyu a bakin ruwa, ni da ke.

Bai kawo ni ba. Allah ya kira shi tun gwaggonka tana makaranta. Shekara talatin da huɗu ke nan ina buɗe gwangwanin ina rufewa. Yanzu ga ni, ga ƙasar, ga kuɗin. Ban gaya wa kowa ba sai kai. Na jera su a kan gado na ɗaukar maka hoto, dubi mai gashin bakin da ke jiki, kamar an yi masa laifi. Jibi zan fara, kuma ba zan ci ƙwandalar suruki ba har mu koma.

Matarka ta fari,
Kaka


Ranar Litinin

Uwargida ran gida,

Na gaishe ki, na gaida gwiwa. Lafiyata ƙalau, sai dai hannuna da bai rabu da baƙin mai ba tun da muka tsaya. Wasiƙarki ta same ni a tashar jiragen ruwa. Na karanta wa abokin ɗakina wurin "kamar an yi masa laifi", ya yi ta dariya har ya zubar da shayinsa.

Ashe dukan da na sha a kan gwangwanin nan na dukiya ne. Na yafe, amma ina da kaso.

Kaka, na daɗe ina kallon hoton. Rubutun Kaka namiji na gani, ban taɓa ganinsa ba sai yau. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ki fitar da su a kasuwa, ki nuna wa mijin Gwaggo ya duba miki. Shekara talatin da huɗu ba kwana talatin da huɗu ba ne, abubuwa suna tsufa. Katin kuma ki sa shi kusa. Ba ya son komai, ɗora shi kawai za ki yi a kan ɗan injinsu, ki ji ƙara, shi ke nan.

Da la'asar za mu tashi. Kwana shida ko bakwai babu sabis, kada ki ga shiru ki ce na yi fushi.

Naki, wanda bai iya cefane ba,
Maigida


Ranar Alhamis

Zuwa ga mara kunya,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Muna lafiya. Gwiwa ta sauko.

"Abubuwa suna tsufa." Na karanta sau uku. Wato ni ce abubuwa? Idona ne ya tsufa da ba zan gane kuɗi ba sai suruki ya sa tabarau ya duba mini? Ni da na yi shekara ashirin ina sayar da zannuwa a tsakar gida, ba a taɓa cutata ko da sisi ba? Ban nuna masa ba, kuma ba zan nuna ba.

Bari ka ji yadda tsohuwa ta girgiza gari.

Ranar Talata muka shiga kantin takalma. Na zaɓi wani mai laushi, ruwan ƙasa, kamar ka taka auduga. Gwaggonka ta buɗe baki, na ce rufe. Na kwance bakin mayafi na zaro takardar takalmi. Mai Tabarau ya yi wa mai kantin wasu 'yan kalmomi da yarensu, na ɗauka gaisuwa ce. Mai kantin ya kalli takardar, ya kalle ni. Na ɗaga masa yatsa ɗaya, wato iyakarta ke nan, in ya so ya karɓa, in bai so ba ga ƙofa. Nan take ya karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ka ga ciniki? Ba ya son yare, ido yake so.

Haka aka yi a wurin mayafi, haka a wurin turare. Mai kwale-kwale har sumbatar takardar ya yi. Na ce wa gwaggonka ƙasar nan akwai albarka, shekara talatin da huɗu farashi bai motsa ba. Ta ce, "Haka ne, Inna," tana ta gyara igiyar jakarta. Yarinyar nan ba ta da walwala a tafiyar nan, ban san me ke damunta ba.

Amma mijinta, Allah ya ba ta haƙuri. Duk inda muka shiga, mu mun fito, shi yana ciki. Kullum a baya kamar jela. Sai mu tsaya a rana muna jiransa, ya fito yana goge tabarau, babu ko leda a hannunsa. Ka san irin mutanen da in an zo biyan kuɗi sai igiyar takalminsu ta kwance? To.

Yau na yi abin da na daɗe ina so. Na kai su wani gidan abinci mai fararen tebura, na ce kowa ya ci abin da ransa ke so, kakanka ne ya gayyata. Nawa na sa aka ƙunshe mini, ka san ba na ci a gaban suruki. Da aka gama na ajiye takardar abincin rana a faranti. Mai Tabarau ya miƙe wai zai wanke hannu. Sai na ce wa gwaggonka, yadda zai ji, "Wasu mazan maciji ne a aljihunsu, shi ya sa ba sa sa hannu. Ubanki yana kabari ma ya fi su kyauta." Ya tsaya cak, bai juyo ba, sannan ya wuce. Gwaggonka ta ce, "Inna, don Allah." Na ce don Allahn me, wasa nake yi.

Saura biyu, ta agogo da ta shayi. Agogon kakanka wa kansa ya so saya. Shi zan saya wa Mai Tabarau, in koya masa yadda ake kyauta.

Katinka yana gaishe ka daga ƙarƙashin man zafi.

Wadda ba ta tsufa ba,
Kaka


Ranar Asabar

Maigida,

Ina fatan kana lafiya. Ni jikina lafiya. Na san ba ka ga ta ranar Alhamis ba tukuna. Da ana iya kiran wasiƙa ta dawo, da na kira ta.

Jiya da safe su gwaggonka suka tafi kallon wani tsohon gini. Na ce gwiwa ta motsa, su je. Suna fita na ɗauki mayafi na sauka ni kaɗai, don in yi wa mutumin bazata. Akwai kantin agogo a kwanar layinmu, na wata tsohuwa tsarata mai farin gashi. Na zaɓi mai baƙar fata, na ajiye takardar, na ɗaga yatsa ɗaya.

Ba ta karɓa ba. Ta ɗauka ta juya, ta yi murmushi irin na wanda ya ga tsohon hoton makaranta. Ta yi magana, ban ji ba. Na sake ɗaga yatsa, har da ɗaure fuska. Sai ta fito daga bayan teburin kantin, ta kama hannuna a hankali, ta kai ni bakin ƙofa. Akwai wani kwando a wurin, kusa da maƙalan mukulli da katunan hoto da baƙi ke saya tsaraba. Cike yake da kuɗin kakanka. Mai gashin baki a kan mai gashin baki, an ɗaure su goma-goma da roba, ana sayarwa kamar alewa. Ta rubuta wata shekara a takarda, ta ja mata layi. Ko aji huɗu ya isa in gane. Kuɗin sun daina aiki tun kana rarrafe.

Ta kawo mini kujera da ruwa. Ban iya sha ba. Ina zaune ina tunanin takalmin da ke ƙafata. Na ce to wannan wa ya biya?

Da suka dawo na kira gwaggonka ɗaki na rufe ƙofa. Ban ma tambaya ba, takardar agogon kawai na ajiye a gabanta. Ta fashe da kuka kamar ita ta yi laifin. Ta ce, "Inna, shi ya hana ni faɗa." Kalmomin nan da yake yi wa masu kanti, roƙonsu yake su karɓa kada su ce komai. In mun fita sai ya biya da katinsa, ya karɓo takardar ya ajiye. Jelar da nake zagi ke nan. Wanke hannun da ya tashi yi ke nan, lokacin da na jefe shi da maganar maciji a gaban matarsa.

Na ce zan hutar da rijiya, ashe guga biyu na zura. Takalmin ma, in ji gwaggonka, mai tsadar kantin na zaɓa.

Tun jiya ban fita ba. Na ce gwiwa ce. Yana zuwa ƙofa safe da yamma ya ce, "Inna, ya jiki?" in amsa daga ciki da murya kamar ta mara lafiya. Ɗazu ya aiko da sabon man zafi. Na rasa inda zan sa fuskata, ko a gwangwanin ba za ta shiga ba.

Na sake karanta wasiƙarka. Ashe ba ni ce abubuwa ba. Gaya mini gaskiya, ka sani? In ka sani, me ya hana ka faɗa yadda jaki ma zai gane?

Ban ji haushin kakanka ba. Shi ya ajiye alkawari, ƙasa ce ta canza kuɗinta ba ta yi masa sallama ba. Amma takardar shayin ba zan iya kallonta ba yanzu. Ranar Laraba za mu koma. Ina jin a ɗakin nan zan ƙarasa hutun.

Kaka


Ranar Litinin

Kakata,

Na gaishe ki. Mun iso lafiya ɗazu, wasiƙunki biyu suka shigo tare. Na fara da ta Alhamis ina dariya, na gama ta Asabar ina zaune a kan bokiti a ɗakin inji, na kasa tashi.

Na sani. Tun da na ga hoton na bincika, na ga an daina karɓarsu. Na rubuta miki gaskiyar sau biyu ina gogewa. Na kasa zama wanda zai gaya miki, sai na lulluɓe maganar na tura ki wurin mijin Gwaggo, na kuma aika masa saƙo cewa ya lallaɓa ya faɗa miki. Na ɗora masa kayana na shige teku. Ki raba kunyar biyu, rabi tawa ce.

Ga amsar da ya ba ni, ban ƙara ko harafi ba: "Bar ta ta kashe. Shekara talatin da huɗu tana jira."

Mutumin da ya rubuta wannan ba ya jiran ki biya shi. Amma yana tsaye a ƙofa safe da yamma, kuma ke kika koya mini cewa ba a barin mai sallama a tsaye. Saura kwana biyu. Ki sa takalmin nan mai tsada, tunda an riga an saya.

Kuma Kaka, matata ba ta ɓuya a ɗaki. In kika ƙarasa hutun a kan gado, zan sake shawara a kan auren nan.

Naki, mai rabin laifi,
Maigida


Ranar Talata

Zuwa ga Maigidana, matsoraci ɗan matsorata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ana ta ɗaure kaya. Na karɓi rabin da ka ɗauka, na gode, sauran ma ya ishe ni nauyi.

Yau da safe da ya zo ya ce "Inna, ya jiki?" sai na buɗe ƙofa. Har ya ja da baya don mamaki. Na ce wa gwaggonka ta zauna, rakiya nake so bakin ruwa, kuma mijinta zai raka ni. Shekara shida ban taɓa tafiya da shi mu biyu ba. Muka kama hanya, ni a gaba, shi a baya. Na tsaya na ce, "Yau babu abin da za ka tsaya gyarawa a bayana. Dawo nan." Ya dawo gefena yana kallon ƙasa, ni ma ina kallon ƙasa, kamar mu biyu mun yar da allura.

Muka sami wani mai shayi da kujerunsa a waje, ruwa yana bugun dutse a ƙasanmu. Na ɗaga yatsa biyu. Wannan karon ba ciniki ba ne.

Kafin a kawo na tattaro duk ƙarfina na ce, "Maganar macijin nan da na yi."

Ya cire tabarau ya ce, "Yana nan, Inna. Shi ke gadin takardun."

Ka ji. Shekara shida, ashe mutumin ya iya wasa, ni ce ban bar masa fili ba. Na yi dariya har ta juye ta zama wani abu, na sa bakin mayafi na goge. Na ce ya yafe mini. Ya ce babu abin yafewa. Na ce akwai, kada ya ƙara mini da wannan ma. Sai ya ce, "To na yafe."

Ya zaro ambulan daga aljihun, guda biyar ɗin suna ciki a miƙe, ko lanƙwasa babu. Na ɗauka mayar mini zai yi. Sai ya ce, "Inna, in kun yarda a bar mini su. Ban riski Baba ba, ban taɓa gaisawa da shi ba. Rubutun hannunsa kawai na samu." Na kwance mayafi na ƙara masa da ta agogon. Na ce wannan dama taka ce, sai dai ba ta faɗin lokaci. Ya karɓa da hannu biyu.

Aka kawo shayi. Kofi ɗaya a gabana, ɗaya a tsakiya. Na tura masa na ce, "Sha kafin ya huce." Ka san ban taɓa kai ko ruwa bakina a gabansa ba. Yau na sha.

Da mai shayin ya zo da ɗan injinsa, hannun Mai Tabarau ya nufi aljihu. Na ce kul. Na fito da katinka, yana ta warin man zafi. Na ɗora, ya yi ƙara kamar ɗan tsako. Mai shayin ya ga mace da katin namiji, sai ya karkata kai ya karanta sunan da ke jiki, da ƙarfi, da irin bakinsu mai karya harafi. Sunan kakanka, a bakin ruwan nan, a kan shayi biyu. Ya yi wata tambaya. Mai Tabarau ya juyo ya ce, "Wai yana tambaya, mijinku ne?"

Na ce, "Gaya masa eh."

Za ka ga an cire maka kuɗin shayi biyu. Kada in ji ƙorafi. Ƙaramar takardar na mayar da ita gwangwani, na sa fensir na rubuta a ƙarƙashin rubutunsa: an sha.

Shayin bai kai nawa daɗi ba, sukari ya yi kaɗan. Amma na shanye har ƙasa.

Matarka, ta fari kuma ta ƙarshe,
Kaka